Gahawar Gidan Abu Ayid

Sau biyu ana zuwa neman auren Rudaina, 'yar yayata, sau biyun kuma baƙi na tashi ba su sha gahawa ba, wato sun tafi ba a ba su ita ba. Ba wani aibu ne da yarinyar ba, kuma ubanta bai taɓa cewa a'a ba. Da ma ya ce a'ar, ai da an san inda aka kwana. Abin da ya faru kawai shi ne an ba Muflih dama ya yi magana, alhali duk gabashin garin Mafrak ko yaron goye ya san ba a yin haka.

Muflih mijin yayata Nofa ne, Allah ya ji ƙanta. Ana kiransa Abu Ayid, wato baban Ayid, duk da bai taɓa haihuwar namiji ba, sunan tsohonsa aka liƙa masa don kada a riƙa kiran dattijo gatsau. Direban tankar ruwa ne, gajere, mai faɗin ƙirji, da gashin baki irin na mutanen da. Tsohuwarsa takan ce ita ba ta yaye shi ba, shi ya saki nonon da kansa don yana hana shi magana. Ya taɓa yin soja na ɗan lokaci. Ana cewa wata rana yana gadi ya kama wani da taya a kafaɗa, maimakon ya ɗaure shi sai ya zaunar da shi ya fara ba shi tarihin taya, har ɓarawon ya roƙi a yi wa Allah a kai shi gadurum. Ban ga wannan da idona ba, amma ban taɓa jin wanda ya san Muflih ya musa ba.

Kada a ɗauka maƙaryaci ne ko magulmaci. Da gulma yake yi da mun huta, don ita gulma tana ƙarewa idan naman mutum ya ƙare. Shi daga tushe yake ɗauko komai. Ka ce masa, "Abu Ayid, nawa ne tanki yau?" sai ya gyara tsayuwa ya kama hannun rigarka.

"Ka yi tambaya mai kyau, Allah ya ji ƙan mahaifinka, mutumin kirki, na san shi tun yana da jakin nan mai kunne ɗaya. To shi ruwan nan da kake gani, daga rijiyar 'ya'yan Irsheid yake, wadda ubansu ya haƙa shekarar da ƙanƙara ta kashe awaki. Kai ba a haife ka ba. A'a, an haife ka, don na tuna ranar sunanka shinkafar mansaf ɗin ta yi gishiri..."

Haka zai yi ta zuba, kai kuwa hannun rigarka na hannunsa. Na san mutumin da ya zare rigar ya bar masa ita ya shige gida da singileti.

Ga shi kuma ba yadda za a yi da shi. Ruwan famfo sau ɗaya yake zuwa mana a mako, shi ma in ya ga dama, saboda haka kowane gida a unguwarmu sai ya kira tanka. Muflih ya fi kowa araha, ruwansa ba gishiri, ba ya kuma yi maka ƙwange. Zai ja tiyo ya hau da shi saman soro, ya zura a tanki, ya sauko ya kunna inji, sannan ya waiga ya nemi wanda Allah ya hukunta wa tsayuwa da shi. Gidan Umm Bassam sun samo dabara, suna fito masa da kakansu kurma su ajiye a kujera. Sai da aka yi wata biyu tsohon ya ce shi ma ya gaji da kallon bakin.

Abu ɗaya zan faɗa masa tsakani da Allah. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ban taɓa ganin ya zubar da ko kofi ɗaya na ruwan mutane ba. Yana tsakiyar labari, bai ɗaga kai ya dubi soro ba, sai ka ga ya sake ka ya taka ya murɗe famfon tanka. Ka hau ka duba, tanki ya cika dam, ko ɗigo bai zuba ba. Kafin ka yi tunanin gudu ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Yakan ce wanda ya zubar da ruwa a ƙasar nan gara ya zubar da jini, shi jini jiki na sake yin wani.

Yayata ta zauna da shi da haƙuri irin na matan da, sai dai ita tana da makami. In ya ishe ta sai ta gutsuro burodi ta dangwala a man zaitun ta tura masa a baki. Ta rasu Rudaina na sakandare. Daga nan gidan ya zama daga shi sai 'yar, kuma Allah da ikonsa ya ba mai bakin nan 'ya wadda sai ka yi da gaske za ka ji muryarta. Ta girma ta yi karatu, ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin garinmu, aikin da ya dace da ita, don kwalabe ba sa neman hira. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tana saurarensa. Mu duka gyaɗa kai muke yi muna lissafin hanyar tsira. Ita kuwa tana gyaran kuɓewa yana zuba, washegari sai ka ji ta ce, "Baba, raƙumin nan na jiya, an same shi kuwa?" Sai fuskarsa ta washe kamar an biya masa Hajji.

Tawagar farko ta wani ɗan kasuwar kayan gini ce. An kafa rumfa a ƙofar gida bayan la'asar, aka jera kujeru, aka zuba gahawa. Babbansu ya karɓi finjali ya ajiye a kan tebur bai kurɓa ba, ya miƙe ya yabi gidan, ya faɗi abin da ke tafe da su, ya zauna. Abin da ya rage wa Muflih bai taka kara ya karya ba. Kawai dai ya ce ku sha gahawarku, kun samu abin da kuka zo nema, a karanta Fatiha, a kawo kunafa, kayan zaƙin biki, kowa ya kama gabansa. Sai ya miƙe ya gyara rawani ya ce, "Kafin in ba ku amsa, ya kamata ku san ko su wane ne mu."

A wurinmu mai cewa e ba ya jan zance. Wanda zai hana ka ne yake kewaye-kewaye, ya yabi kakanka, ya yabi nasa, don ka gane da kanka ka tashi da mutuncinka. Baƙin nan suka zauna har gahawa ta huce, suka dubi juna, babbansu ya miƙe ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Muflih ya raka su har mota yana ƙarasa zancen wata rijiyar Turkawa, ya dawo ya dube ni ya ce, "Awwad, mutanen nan ba su da natsuwa. Ina suka tafi?"

Na biyu malamin makaranta ne daga Irbid, shi ma haka aka yi, sai dai su sun fi juriya, sun kai har kiran magariba. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Abu Ayid ɗan sarki yake jira, wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, a bincika yarinyar. Ni na yi faɗa da mutum uku a kan wannan, ɗaya ma a harabar masallaci. Rudaina kuwa ta ci gaba da zuwa aikinta, shekaru na tafiya.

Ran nan ina shagona ina jera tukwanen gas sai ga ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza igiyar jakarta.

"Kawu, akwai masu zuwa ranar Juma'a."

"Su wa kuma Allah ya jarabta?"

"Munzir, na kantin magani da ke kallon asibiti." Ta sunkuyar da kai. "Kawu, wannan ina son sa."

Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta ce tana son wani abu ba, ko alewa. Da na bincika kuma na ji wanda zai ja tawagar, sai na ga akwai aiki. Hajji Salama ne, babban dangin Munzir, tsohon da ke alfahari bai taɓa barin finjali cike a gidan kowa ba, ga ciwon suga, ga zuciya a kusa. In wannan ya tashi bai sha ba, danginsa ba za su sake bin layinmu ba har jikoki, Munzir kuwa ba zai iya tsallake su ba. Bayan tawaga uku kuma babu mahaukacin da zai kawo ta huɗu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun ranar Laraba na tare Muflih a bakin rijiya yana layin ɗibar ruwa. Na hau motar na rufe ƙofa.

"Abu Ayid, ka ce ku sha gahawarku."

"Ku sha gahawarku."

"Madalla. Sake."

"Ku sha gahawarku. Haba Awwad, sai ka ce wani jariri? Ka ma san asalin maganar nan? A zamanin kakana, in baƙo ya sauka..."

"Ban sani ba, kuma in na mutu ban sani ba ba za a tambaye ni a kabari ba! Ka faɗe ta ka zauna. In bakin ya ƙi rufuwa ka cusa masa gefen rawani."

"Kai tun kana yaro ba ka da haƙuri. Yayarka ma ta sha faɗa. Ranar da na je neman aurenta kana maƙale a bayan ƙofa da majina..."

"Ranar ai kawunka ne ya yi magana, shi ya sa aka ba ka. Wallahi Muflih, in ka kori mutanen nan, ni da kai sai a lahira."

Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Na sauka ban yarda da shi ko na sisin kwabo ba. Hali zanen dutse ne. A hanya na yi ta tunanin abin da ke iya katse Muflih a duniyar nan, na ga ba liman ba, ba ɗan sanda ba, ba mutuwa ba, don a zaman makoki ma masu gidan ne ke fara sulalewa. Abu ɗaya ne tak, ruwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar motoci suka cika layi. Tankarsa na tsaye a saman gangare, dab da rumfa, cike da ruwan da zai kai wa masu gidan kaji washegari. Na zaɓi kujerar ƙarshe, kusa da ita. Hajji Salama ya shigo da sandarsa da alkyabba mai bakin zinariya, mutanensa na biye cikin fararen riguna, Munzir a can baya yana zufa kamar wanda za a yi wa kaciya. Aka zuba gahawa, tsoho ya ajiye finjali. Maganarsa gajera ce, ta mutumin da ya saba a ba shi. Ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

Muflih ya miƙe. Ya dube ni, na zare masa ido. Ya buɗe baki ya ce, "Ku sha..." Har na fara hamdala. "...mamaki in na gaya muku cewa ni da mahaifin Hajji mun taɓa kwana a mota ɗaya a hanyar Ma'an."

Na ce inna lillahi.

Ya bi ta hanyar Ma'an, ya faɗa shekarar fara, ya fito ta kan farashin baƙin mai. Tururin finjali ya yi ƙasa, ya ɗauke. Daga cikin gida, inda mata suka shirya guɗa, ba ka jin ko tari. Na ga wuyan Hajji Salama ya fara ja, ya dubi na damansa, na daman ya dubi agogo. Sai na zame na zagaya bayan tanka, na kama famfon da hannu biyu na murɗe shi har ƙarshe.

Ban san haka ruwan tanka yake da ƙarfi ba sai ranar. Ya yi tsartuwa ya daki bangon maƙwabta, ya dawo ya kwararo gangare, ya shige ƙarƙashin rumfa yana tafe da takalman mutane. To ga inda abin ya zama abin kallo. Ba wanda ya isa ya miƙe, don duk baƙon da ya miƙe finjali na cike, ya tashi ke nan, magana ta mutu. Sai ga manyan mutane, masu gemu da masu tumbi, kowa ya tattare riga ya ɗaga ƙafafu sama a kan kujerar roba. Hajji Salama da kansa ya naɗe ƙafa, alkyabba a cinya, yana bin takalminsa da ido har ya sha kwana.

Na leƙo ina jiran in ga Muflih ya yanko da gudu yana salati, ni kuma in yi wuf in ce wa baƙi mai gida ya ce ku sha. Bai motsa ba. Ruwan na bin idon sawunsa, ya san nasa ne, ya san daga inda yake fitowa, na ga yadda kafaɗarsa ta ɗaga da ya ji ƙarar. Amma ya ci gaba. Yana ba su labarin ranar da Rudaina ta fara tafiya, a kan soron wani gida, ta riƙe tiyo.

Nan na gane. Mutumin da ke sanin cikar tanki daga ƙasa bai ɗaga kai ba, a ce bai san lokacin da zance ya cika ba? Ya sani sarai, tun tawagar farko ya sani. Bakin ba ƙin rufuwa ya yi ba. In ya rufe shi aka kurɓi gahawar nan, za a tafi da mutum ɗaya tak da ke tambayarsa ko an samu raƙumi. Na zo da niyyar shaƙe shi, sai ga tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina.

Hajji Salama ya dafa sanda, ya fara neman inda zai sa ƙafa a cikin ruwan. Na ce shi ke nan, ta ƙare.

Sai ƙofar gida ta buɗe. Mace ba ta fitowa rumfar maza a rana irin wannan, balle wadda ake nema, amma ga Rudaina cikin rigar da aka ɗinka don ranar. Ba ta dubi kowa ba. Ta ratsa ruwan ta gefen rumfa, ta zo ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta kama famfon ta murɗe. Ruwan ya jiƙe ta har ƙirji kafin ya ɗauke. Ta juyo ta tsaya inda ubanta zai gan ta, riga na ɗiga.

"Baba," in ji ta.

Muflih ya tsaya a tsakiyar kalma. Wallahi ban taɓa sanin unguwarmu na da tsuntsaye ba sai a wannan shirun. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taka cikin taɓo ya je gaban Hajji Salama, ya ɗauki finjalin ya watsar da gahawar da ta huce, ya karɓi buta daga hannun mai zubawa ya zuba mai zafi da kansa, ya miƙa.

"Ku sha gahawarku. Na ba ku."

Tsoho ya dube shi, ya dubi finjali, ya shanye a kurɓi ɗaya. Ya ce, "Mun gode, Abu Ayid. Yanzu don girman Allah a nemo mini takalmina, a kuma nuna mini banɗaki, tun hanyar Ma'an nake riƙe da kaina." Rumfa ta fashe da dariya, guɗa ta tashi daga cikin gida, mutane suka sauke ƙafafu cikin taɓo ba wanda ya damu.

Munzir ya taso ya sumbaci kan surukinsa. Muflih ya kama hannun rigarsa, na ce a raina yaro ka shiga uku, yau za ka san abin da ka aura. Ina kusa, na ji abin da ya ce masa, da murya ƙasa-ƙasa wadda ban san yana da ita ba.

"Ɗana, ita ba ta da yawan magana. In ka ga ta yi shiru, akwai abin da take son faɗa, sai ka jira ta. Ni ban taɓa iya jira ba, shi ya sa ban san rabin abin da ke ranta ba. Kai ka jira."

Ya sake shi. Ya ja wata jiƙaƙƙiyar kujera ya zauna, ya ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Aka kawo kunafa aka sa masa a gaba, bai taɓa ba, kuma har baƙi suka watse bai sake cewa komai ba.